MAGANAR DA WUTA BA TA CINYE BA

Nassi: Irmiya 36, 2 Timoti 3:14-17, 2 Bitrus 1:19-21

A shekara ta biyar ta sarautar Yehoyakim, Sarkin Yahuza, wajen shekara ta 604 kafin haihuwar Almasihu, aka kawo wa sarki wani naɗaɗɗen littafi a fadarsa ta Urushalima. Lokacin sanyi ne, sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu, ga kaskon wuta a gabansa. Littafin nan yana ɗauke da gargaɗin da Ubangiji ya yi ta ba Annabi Irmiya shekara ashirin da 'yan kai, Baruk magatakarda kuwa shi ne ya rubuta shi daga bakin annabin. Da mai karantawa ya karanta shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya jefa a wuta. Uku daga cikin fadawansa suka roƙe shi kada ya ƙone littafin, amma ya yi kunnen uwar shegu da su, har littafin ya ƙone ƙurmus. Sai Ubangiji ya umarci Irmiya ya ɗauki wata takarda. Baruk ya sake rubuta dukan abin da ke cikin na fari, aka kuma ƙara da wasu maganganu masu yawa. Yehoyakim ya mutu, fadarsa ta zama kufai, amma littafin Irmiya yana nan cikin gidajen masu bi har wa yau, har ma da harshen Hausa.

Sarakunan da ke ƙona littattafai sun ragu a wannan zamani, amma wuƙar Yehoyakim ta sake kama. Yaro yakan dawo daga makaranta da magana a bakinsa: abokinsa ya ce an canza Littafi Mai Tsarki, ko kuwa wani ya ce Turawa ne suka zauna suka rubuta shi. Budurwa takan ga hoton bidiyo a wayarta inda wani mai zaƙin baki yake jera wuraren da ya ce Littafin ya yi karo da kansa. Idan uba ya daka wa yaron tsawa ya ce ba a tambayar irin wannan, tambayar takan koma cikin zuciya ta yi saiwa. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya sami mai amsa masa. Manzo Bitrus ma ya gargaɗi masu bi su zauna da shirin bayyana dalilin begensu ga duk mai tambaya, cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Don haka ya wajaba iyaye su san abin da Ikkilisiya take nufi sa'ad da ta ce Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ce, su kuma san hanyar da ya bi har ya iso hannunsu.

MA'ANAR HURARRIYAR MAGANA

Littafi Mai Tsarki tarin littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Marubutansa sun kai kimanin arba'in, sun kuma rayu a zamani dabam dabam cikin fiye da shekara dubu. A cikinsu akwai Dawuda sarki, da Amos makiyayi, da Ezra firist, da Bitrus masunci, da Luka likita. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, sai wasu 'yan sassa na Daniyel da Ezra da suke da Aramiyanci. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci aka rubuta shi.

A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Manzo Bulus ya bayyana asalin Nassi da wata kalmar Helenanci wadda ta haɗa kalmomi biyu, wato Allah da numfashi. Kamar yadda maganar mutum take fitowa tare da numfashinsa, haka Nassi ya fito daga wurin Allah. Bitrus ya ƙara haske a kan yadda abin ya gudana, inda ya nuna cewa annabawa ba su ƙago saƙonsu ba, Ruhu Mai Tsarki ne ya iza su. Kalmar da ya yi amfani da ita a nan, ita ce Luka ya yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni sura 27 game da jirgin ruwan da iska take korawa. Matuƙa suna cikin jirgin, suna aikinsu da hankalinsu, amma iska ce take kai shi inda za shi.

Wannan ya sa kowane marubuci yake da irin muryarsa. Luka ya faɗa a farkon Bishararsa cewa ya bi diddigin al'amuran, ya kuma dogara ga waɗanda suka gani da idonsu. Irmiya ya rubuta da hawaye. Bulus yakan gai da abokansa da suna, har ya roƙi Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da ya bari a Taruwasa. Ruhun Allah bai shafe halin waɗannan mutane ba, ya yi aiki ta cikinsa, har abin da suka rubuta ya zama daidai abin da Allah ya nufa a rubuta. Saboda haka idan aka ce wa yaro ai mutane ne suka rubuta Littafin, babu abin tada hankali a ciki. Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa Littafin ya faɗo daga sama a ɗinke ba. Koyarwarta ita ce Allah ya yi magana ta bakin mutane, kamar yadda farkon wasiƙar Ibraniyawa ya nuna.

SHAIDAR UBANGIJI YESU

Babban dalilin da ya sa mai bi yake amincewa da Nassi shi ne Ubangijinsa ya amince da shi. Sa'ad da Shaiɗan ya gwada Yesu a jeji, sau uku ya amsa masa, kowace amsa kuwa daga littafin Maimaitawar Shari'a ta fito (Matiyu 4). A majami'ar Nazarat ya miƙe ya karanta littafin Ishaya, ya ce annabcin ya cika a kansa (Luka 4). Bayan tashinsa daga matattu, a kan hanyar Imuwasu, ya bi da almajirai biyu ta cikin littattafan Musa da na annabawa, yana nuna musu abin da aka rubuta game da shi (Luka 24). Ya sha tsauta wa malaman Attaura saboda al'adun da suka ɗora a kan Maganar, da kuma rashin yin biyayya da ita, amma ko sau ɗaya bai ce littattafan da ke hannunsu gurɓatattu ba ne.

Game da Sabon Alkawari kuwa, ya yi wa manzanninsa alkawari cewa Ruhu Mai Tsarki zai tuna musu da dukan abin da ya faɗa (Yahaya 14:26). An kuwa rubuta waɗannan littattafai tun shaidu suna da rai. Wajen shekara ta 55, Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa fiye da mutum 500 sun ga Almasihu bayan tashinsa, yawancinsu kuma suna nan da rai a lokacin (1 Korintiyawa 15:6). Mai ƙarya ba ya nuna wa mutane gidan shaidu.

ABIN DA AKA SAMO A KOGUNAN KUMRAN

Tambaya ta biyu ita ce, ko abin da annabawa suka rubuta shi ne yake hannun masu bi a yau? Kafin a ƙago na'urar ɗab'i, da hannu ake kwafe kowane littafi. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, cikakken Tsohon Alkawari na Ibrananci mafi tsufa da masana suke dogara a kai shi ne wanda aka kwafe a shekara ta 1008, wanda yake ajiye a ƙasar Rasha. Tsakaninsa da zamanin annabawa akwai rata mai faɗi, masu shakka kuwa sukan ce wa ya san abin da ya faru a tsakani.

A shekara ta 1947, wasu Larabawa makiyaya suka tarar da tuluna a cikin wani kogon dutse a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A cikin tulunan akwai naɗaɗɗun littattafai na fata. Zuwa shekara ta 1956 an gano koguna 11 masu ɗauke da rubuce-rubuce, aka kuma sami sassan kowane littafi na Tsohon Alkawari in ban da Esta. Mafi shahara a cikinsu shi ne littafin Ishaya, dukan surorinsa 66, tsawonsa ya haura mita 7, an kuma kwafe shi fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Almasihu. Ya girmi kwafin 1008 da fiye da shekara dubu. Da masana suka gwama su biyu, sai suka tarar yawancin bambancin na rubuta kalma ne da nahawu, tare da wasu kalmomi nan da can, amma saƙon annabin ɗaya ne. Sura 53, wadda take zancen Bawan Ubangiji da ya ɗauki laifin mutane da yawa, tana nan a ciki tun ba a haifi Yesu a Baitalami ba. Babu Kirista a duniya a lokacin da zai cusa ta.

A Kumran ɗin an sami littafin Irmiya iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wanda ya karanta sura 36 ba zai yi mamaki ba, gama littafin da kansa ya faɗa cewa an rubuta shi fiye da sau ɗaya, an kuma yi ƙari a karo na biyu.

SABON ALKAWARI DA YAWAN SHAIDUNSA

Akwai fiye da rubutun hannu 5,000 na Sabon Alkawari cikin Helenanci, wasu cikakku, wasu gutsattsari. Babu wani littafi na zamanin Helenawa da Romawa da yake da shaidu masu yawa haka. A birnin Manchesta na Ingila akwai wani ɗan guntun takarda, bai kai faɗin tafin hannu ba, mai ɗauke da ayoyi daga Yahaya sura 18. A Masar aka samo shi, yawancin masana kuma sun sa shi a ƙarni na 2. Akwai kuma cikakken Sabon Alkawari na ƙarni na 4, wanda wani masani Bajamushe mai suna Tischendorf ya gani a wani gidan ibada da ke gindin Dutsen Sina'i a shekara ta 1859. Yawancin shafuffukansa suna Landan, tun daga 2009 kuwa aka sa hotunansa a intanet domin kowa ya duba. Gani ya kori ji.

Gaskiya ne masu kwafe sun yi kurakurai. Wani ya tsallake layi, wani ya maimaita kalma, wani ya shigar da bayanin da ya gani a gefen shafi. Amma yawan kwafin ne yake tona kuskuren. Idan malami ya yi wa yara talatin shifta, kowannensu zai iya kuskure, amma ba za su yi kuskure ɗaya a wuri ɗaya ba. Wanda ya tattara takardun talatin ɗin ya gwama su zai gane abin da malamin ya faɗa. Wannan shi ne aikin da masana suka daɗe suna yi. Wurare biyu ne masu tsawo da ba a samu a cikin kwafi mafi tsufa ba, wato Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53-8:11, fassarori da yawa kuma sukan nuna haka a ƙasan shafi ko cikin baka. Babu wata koyarwa ta bangaskiyar Kirista da ta rataya a kan aya mai shakka. Mutuwar Almasihu da tashinsa suna cikin Bisharu huɗu da wasiƙun manzanni.

Wanda ya ce an canza Littafin, ya kamata a tambaye shi cikin ladabi: wa ya canza shi, yaushe, a ina? A ƙarnuka uku na farko Kirista ba su da sarki, ba su da soja. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokilishiyan ya ba da doka a ƙone littattafansu. Kafin lokacin kuwa kwafi sun riga sun bazu daga Suriya zuwa Masar, zuwa Roma, an kuma juya su zuwa Latinanci da Suriyanci da Kibɗanci. Babu hannun da zai iya tattaro su duka ya yi musu gyara iri ɗaya. Tsohon Alkawari ma yana hannun Yahudawa, waɗanda ba su karɓi Yesu a kan shi ne Almasihu ba, duk da haka nasu na Ibrananci shi ne wanda Kirista suke fassarawa.

RABON AFIRKA A CIKIN WANNAN TARIHI

Masu cewa Littafin na Turawa ne ba su duba tarihi ba. A Iskandariya ta Masar aka fara juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. Mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa tun Bulus bai taka ƙasar Turai da bishara ba (Ayyukan Manzanni 8). A shekara ta 367, Atanasiyas, Bishop na Iskandariya, ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari a wasiƙarsa ta Ista, daidai da yadda suke a yau. Taron Hippo na shekara ta 393, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, da na Kartaj na 397, a Tunisiya ta yau, suka tabbatar da wannan jeri.

Waɗannan taruka sun shaida abin da ikkilisiyoyi suka daɗe suna karantawa ne a sujada. Abin da aka duba shi ne ko littafin ya fito daga manzo ko na kusa da manzo, ko ya yi daidai da koyarwar da aka karɓa tun farko, ko kuma ikkilisiyoyi ko'ina sun san shi. Littattafan da aka laƙaba wa sunayen manzanni daga baya ba su tsallake wannan siraɗi ba. Idan yaro ya tambayi dalilin da ya sa Littafin 'yan'uwa Katolika yake da littattafai 73, amsar ita ce sun haɗa da wasu littattafan Yahudawa da suke cikin tsohuwar fassarar Helenanci amma ba sa cikin jerin Ibrananci. Sabon Alkawari kuwa ɗaya ne a wurin ɓangarorin biyu.

DUWATSU MA SUN YI MAGANA

Littafi Mai Tsarki yakan ambaci sunayen sarakuna da garuruwa da shekaru, abin da mai ƙaga labari yake gudu. A shekara ta 1961, masu tonon kayan tarihi suka sami dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Buntus Bilatus da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. A 1993, a Tel Dan da ke arewacin Isra'ila, aka tono wani dutse na ƙarni na 9 kafin Almasihu inda wani sarki, abokin gaban Isra'ila, ya ambaci gidan Dawuda. Wani rubutu a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna cewa Galiyo yana mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52, shi ne kuwa mutumin da aka kai Bulus gabansa a Koranti (Ayyukan Manzanni 18). A 2004, masu gyaran magudanar ruwa a Urushalima suka ci karo da matakalan tafkin Siluwam, inda Yesu ya aiki makaho ya wanke idonsa (Yahaya 9).

Dutse ba zai iya tabbatar wa kowa cewa an gafarta masa zunubi ba, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne a cikin zuciya. Amma duwatsun nan sun nuna cewa marubutan sun san ƙasar da zamanin da suke magana a kai. Shaidan da aka same shi da gaskiya a kan abin da za a iya bincikawa, ya cancanci a saurare shi a kan sauran.

DA HARSHEN GIDA

A ranar Fentikos kowa ya ji manyan ayyukan Allah da harshen garinsu, tun daga ranar kuwa fassara ta zama aikin Ikkilisiya. A shekara ta 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, aikin J. F. Schön, Bajamushen da ya ƙara sanin harshen daga bakin wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. A ƙarshen shekarun 1970 aka fitar da sabuwar fassara. Shi ya sa wani dattijo zai ce Yohanna, jikansa ya ce Yahaya, wani ya ce Kristi, wani ya ce Almasihu. Harshe yakan sake da zamani, masu fassara kuma sukan koma ga Ibrananci da Helenanci su nemi kalmar da mutanen zamaninsu za su fi ganewa. Iyalin da suke da fassara biyu a gida sun sami riba, gama inda ɗaya ta yi nauyi, ɗayar takan buɗe ma'ana.

ABIN DA YA RAGE GA IYALI

Akwai hanyar raina Maganar Allah da ba ta bukatar wuƙa ko wuta. Gidaje da yawa suna da Littafin, amma yana kan kabad ƙura ta rufe shi, sai ran Lahadi a kakkaɓe. Wasu sukan sa shi a ƙarƙashin matashin kai kamar laya. Wasu kuma sun bar karatunsa sun koma bin masu cewa an nuna musu wahayi, ko da wahayin ya saɓa wa abin da yake a rubuce. An yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko wa'azin Bulus kansa gaskiya ne (Ayyukan Manzanni 17:11). In har an auna manzo da wannan mudu, babu mai wa'azin da ya fi ƙarfin awo.

Timoti ya san Nassi tun yana jariri, ta wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, ko da yake ubansa Bahelene ne. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Musa ya umarci iyaye su riƙa zancen dokokin Ubangiji da 'ya'yansu a zaune da tafe, da kwanciya da tashi (Maimaitawar Shari'a 6:6-7). Malamin Makarantar Lahadi yana da yaro awa ɗaya a mako, sauran kwanakin na iyaye ne. Ya kyautu kowane gida ya tsai da lokacin sujadar iyali, a ɗauki littafi ɗaya, kamar Bisharar Markus, a bi shi daga farko har ƙarshe, yara su riƙa karantawa bi da bi. A bar su su yi tambaya. Abin da ya gagari uba, sai ya kai wa fasto ko dattijon ikkilisiya, ya komo wa yaron da amsa. A kuma koya musu su amsa wa maƙwabta da abokan karatu ba tare da zagi ko gori ba, gama gaskiya ba ta bukatar ashar.

Daga ƙarshe, shaidar da yaro ya fi gani ita ce rayuwar iyayensa. Yakubu ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya dubi madubi, ya juya ya manta kamanninsa (Yakubu 1:22-25). Uban da yake karanta Nassi da asuba, ya kuma ƙi cin hanci a wurin aiki da rana, da uwar da take cika mudu a kasuwa, ta kuma yafe wa wadda ta ɓata mata, sun riga sun amsa rabin tambayoyin 'ya'yansu. An ba da Nassi domin ya kai mutum ga ceto ta wurin bangaskiya ga Almasihu Yesu, ya kuma shirya shi domin kowane kyakkyawan aiki.

Ubangiji ya ba iyalan masu bi ƙishin Maganarsa, ya ba iyaye hikimar koyarwa, ya kuma kafa 'ya'yansu a kan gaskiya har ranar bayyanuwar Almasihu. Amin.